Farantin da Aka Mayar Gidan Obrad

Topolik, 27 ga Agusta

Zuwa ga Radinka,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya lau, in ban da aladu. Sreten ne, ɗan gidan Persa, mahaucin Topolik. Na yi wannan bayani ne saboda shekara tara ta wuce, wataƙila yanzu kin san Sreten goma a can Parma.

Adireshinki a wajen gwaggonki Desa na samo shi. Sai da na yi mata faskare wuni guda kafin ta saki. Ta ce, "Me za ka yi da shi, kai kurma? Waya za ka buga mata?" Na ce rubutu zan yi. Ta ce, "Da wannan hannun naka mai kama da tafin shebur? Allah ya ba ta idon karantawa." Kin ga na iya karanta baki yanzu. Zagi ma na fi saurin ganewa, don shi mutane suka fi buɗe wa baki.

Ga abin da ya sa na dame ki. 'Ya'yan aladuna suna mutuwa. Sati biyu bayan yaye sai ki ga ɗaya ya fara tangaɗi, ya faɗi a gefe guda yana tuƙa ƙafafu kamar mai keke, idonsa ya juye, kafin ki kira likita ya tafi. Goma sha bakwai cikin arba'in suka mutu tun watan Yuni. Har 'ya'yan Julka, jikar waccan aladiya mai murɗaɗɗen gashi da kika riƙa ba wa tuffa ta bayan katanga.

Likitan dabbobi Laslo ya zo da bazara ya goga auduga a hancin wasu masu lafiya, ya aika birni, aka haɗa mana allurar rigakafi da ƙwayar cutar gidanmu, muka yi wa iyayen kafin su haihu. Kamar ruwan rijiya muka ɗura musu. Laslo ya ce cutar nan ita ce dai wadda ta kwantar da ni ta tafi da kunnuwana, ya kuma ce duk wanda ya sani a harkarta sunanki yake karantawa a takardu. Na ce masa na san ki tun kina tsoron kaza. Bai yarda kin taɓa tsoron kaza ba.

In kina da abin faɗa a kai, ki faɗa. In babu, ba komai.

Itacen tuffar gidanku ya yi 'ya'ya bana har rassa suna taɓa ƙasa. Gidan a kulle yake tun rasuwar mahaifinki Baffa Obrad, Allah ya ji ƙansa, amma nakan tsallaka in tokare rassan kada su karye. Ina kewar hayaniyar gidan nan, ni da ba na jin hayaniya.

Yankan aladenmu na bana ranar 29 ga Nuwamba ne, kamar kullum. Ban ce ki zo ba. Ranar kawai na faɗa miki.

Ki huta lafiya.

Sreten


Parma, 8 ga Satumba

Zuwa ga Sreten,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami wasiƙarka, na gode. Sreten ɗaya na sani, kuma rubutunsa bai gyaru ba.

Zan tsaya a kan maganar aladu. Wannan ƙwayar cuta sunanta ɗaya, amma iri-iri ce, ta fi talatin, kowane da lambarsa. Kusan duk aladen da ka sani yana ɗauke da iri biyu ko uku a maƙogwaronsa yana yawonsa lafiya. Wani irin yana nan zaune ba ya cutar kowa. Wani kuma yana shiga jini ya hau ƙwaƙwalwa. Rigakafin da aka haɗa da wani iri ba lalle ya tare wani ba. Laslo ya ɗauki abin da ya samu a hancin masu lafiya, wataƙila ya kama mai zaman lafiya ya bar mai kisan.

Ka ce masa idan wani ya sake mutuwa, ya ɗauko daga ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, ya kai ɗakin gwaji na birni su raya ƙwayar, su aiko min ta hanyar da doka ta tsara. Su haɗo da wadda aka yi rigakafin da ita. Na rubuta masa dabam, da kalmomin da zai fi so.

Kada ka taɓa mushe da hannu tsirara. Ka sa safar hannu. Kuma ina fata ka daina ɗanɗana ɗanyen naman kulen, niƙaƙƙen naman nan mai barkono, kafin a ɗura shi a hanji. Na san abin da za ka ce, cewa mahaucin da bai ɗanɗana ɗanye ba bai san gishiri ba. Ubanka ya faɗa, kakanka ya faɗa. Ka soya kaɗan a kasko ka ɗanɗana, gishirin ba zai gudu ba.

Maganar 29 ga Nuwamba, ba zan zo ba. Ka san dalili. Rabona da Topolik tun jana'izar Baba, kuma ko a ranar ban kwana ba. Ba zan iya bin layin da aka dawo mana da faranti goma sha ɗaya ba. Kana asibiti lokacin, amma an ba ka labari. Mun yi yanka ranar Asabar, kai ka yanka mana, na kai wa kowane gida farantinsa na nama kamar yadda ake yi. Lahadi ka faɗi. Litinin da safe muka tarar da su jere a ƙofarmu, ko yatsa ba a sa ba. Na gidanku ne a farko. Wata biyar ya rage a ɗaura mana aure.

Na gode da tokare rassan. Na kudu shi ya fi rauni.

Ka gaida Laslo. Na bar ka lafiya.

Radinka


Topolik, 20 ga Satumba

Radinka,

Gaisuwa irin ta da, in har yanzu ana karɓarta. Wasiƙarki ta iso ranar Talata. Na karanta ta a turken aladu sau uku, Julka ta ci kusurwar ambulan.

An yi yadda kika ce. Biyu sun mutu ranar Alhamis, Laslo ya buɗe kawunansu yana ta gunaguni. Na ga bakinsa yana cewa, "Yarinyar da ke riƙe min jaka a da ita ke koya min aiki." Na ce, "Likita, me ka ce?" Ya ce, "Na ce Allah ya yi mata albarka." Ya manta idona ya fi kunnen wasu. Kayan za su iso miki cikin sati biyu. Na sayi safar hannu kuma, shuɗiya, ta sa na yi kama da mai wankin kwanuka a otal.

Inna ta ga ambulan. Ta je ta ɗauko allon da take min rubutu a kai, ta rubuta, "'Yar Obrad?" Na gyaɗa kai. Ta goge, ta rubuta, "Miya ta huce." Shi ke nan hirarmu a kanki.

Kin kawo maganar farantai, to bari in kawo tawa. Ni ban taɓa cewa aladen Baffa Obrad ne ya kurmantar da ni ba. Mutanen gari ne suka faɗa, da Inna a gabansu, sannan ma'aikatan lafiya suka zo suka gwada aladunku suka ce sun sami ƙwayar, magana ta zauna. Amma ban musa ba, wannan kam laifina ne. Na yi shiru har ya sayar da aladunsa kaf, mutumin da kulen ɗinsa ake zuwa nema daga hayin kogi. Bayan nan in mun haɗu a hanya shi ke fara cire min hula. Har yau abin yana ci min rai.

Ranar da kika zo duba ni bayan an sallame ni, na juya fuskata bango. Na san abin da kika ɗauka. Ba haushinki nake ji ba, Radinka. Bakinki na gani yana motsi, babu abin da ke fitowa, sai na kasa kallo. Da na juyo kin tafi. Na ce gobe zan bi ki, goben ta zama sati, sai aka ce kin koma makaranta, sai na ce wa kaina ai gara haka, me za ta yi da kurma.

Kin san abin da na fara mantawa? Ƙararrawar coci. Daga nan kukan alade, wanda ban yi asara ba. Muryar Inna ma ta dushe, sai dai fuskarta in tana faɗa. Taki ce ta ƙi tafiya. Maganar ƙarshe da na ji daga bakinki ita ce, "Cire takalman nan kafin ka shigo mana, ɗan banza." Shekara tara ke nan duk ƙofar da na zo shiga sai na ji ta, kuma ina cirewa.

Masara ta nuna, gobe za mu fara girbi. Na sa wa reshen kudu tokari biyu.

Allah ya bar mu da alheri.

Sreten


Parma, 11 ga Oktoba

Sreten,

Ina gaishe ka, ina gaida masu girbi. Ka yi haƙuri da jinkiri, gwajin ne ya ɗauki lokaci, amsar wasiƙarka kuma ta fi gwajin wuya.

Yadda na zata haka ne. Ƙwayar da aka haɗa rigakafi da ita iri na bakwai ce. Wadda ke kashe maka 'ya'yan aladu iri na biyu ce. An yi maka gadi a ƙofar gaba ɓarawo yana shiga ta baya. Na aika wa Laslo yadda za a haɗa sabon rigakafi da maganin da za a ba waɗanda suka fara tangaɗi. Ka rage cunkoso a ɗakin yaye, ka daina haɗa 'ya'yan uwa dabam-dabam a turke ɗaya. In Allah ya yarda haihuwar gaba za ka ga bambanci.

Iri na biyu shi ne ya fi kama mutum. Maganar safar hannu da kasko yanzu ba shawara ba ce.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da na koma makaranta, na roƙi malamina ya samo min ƙwayoyi biyu: wadda aka cire daga ruwan ƙashin bayanka a asibiti, da wadda aka samu a maƙogwaron aladun Baba. A lokacin babu wanda ya duba ko iri ɗaya ne. An ga suna ɗaya aka rufe takarda. Na ce ni zan duba. Saboda wannan na zauna a wannan fanni, ba don ina son aladu ba, ka sani sarai.

Suna nan a firizar ɗakin gwajinmu, 'yan kwalabe biyu da ba su kai ɗan yatsa ba. Sau uku ina canja wurin aiki suna biye da ni. Na gwada ƙwayoyin gonaki sun fi ɗari huɗu, na Poland, na Sipaniya, na mutanen da ban taɓa gani ba. Waɗannan biyun ban taɓa buɗe su ba. Abokiyar aikina Ornella takan ce, "Waɗannan na aljihun firiza na ƙasa fa, gadon kakarki ne?" In ce eh. Tsoro nake ji. Muddin ban duba ba, akwai sauran kokwanto. In na duba na ga iri ɗaya ne, to ni na kai maka wuƙa da kwano ranar nan, ni na tsaya ina dariya kana ɗanɗana naman gidanmu.

Ka ce ba haushina ka ji ba. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Ni ma ban tafi don ka kurumce ba. Kunya ce ta kore ni.

A nan suna rataye cinyar alade shekara biyu suna yi mata magana kamar jariri. Da daɗi, ba ƙarya. Amma babu jan barkono, babu hayaƙi, kuma duk Nuwamba sai hancina ya nemi ƙaurin tattakar da ake babbake gashi da ita a tsakar gida. Ina kewar gida, Sreten. Yau na fara rubuta wannan da hannuna.

Ka gaida Julka.

Radinka


Topolik, 21 ga Oktoba

Radinka,

Gaisuwa da kewa. Laslo ya karɓi takardarki ya karanta a tsaye, ya cire tabarau ya ce, "Na bakwai! Wata shida ina yi wa na bakwai allura!" Sai ya zagi wani abu da harshen uwarsa, wanda ban iya karantawa ba. An fara maganin. Uku da suka fara tangaɗi sun miƙe.

Yanzu maganar kwalabe. Ki buɗe su.

Shekara tara kina daskare da ni a firiza kusa da aladun babanki, ko a gaya min in sa riga mai kauri. Ki buɗe, Radinka. In iri ɗaya ne, me ya ƙaru? Kunnuwan sun riga sun tafi, ba za su sake tafiya ba. Alade ba ya shawara da mai shi kafin ya ɗauki cuta. Kuma ba ke kika sa min nama a baki ba, ni na sa, ina taƙama a gabanki don ki ga na iya. In kuma ba iri ɗaya ba ne, to akwai mutumin da ke kwance a maƙabartar Topolik da ya kamata a faɗa masa.

Tunda kina da ta gidana a hannu yanzu, ki jera su uku. Ina da dalili. Kin san mahauci da gidansa yake buɗe yankan shekara, don mutane su ga hannunsa kafin su kira shi. Waccan shekarar Alhamis muka yi namu, kwana biyu kafin naku. Wuƙa ta zame ta tsaga min babban yatsa, aka ɗaure min da tsumma na ci gaba da aiki har yamma, hannuna cikin jini da kayan ciki. Babu wanda ya tuna da wannan, don ba a gidanmu na faɗi ba. Mutanenmu gidan ƙarshe suke kallo. Ni ma ban ba shi muhimmanci ba sai da kika ce iri-iri ne. Tun ranar nake kallon tabon.

Na tsinke tuffar gidanku kafin sanyi ya lalata su. Na jera su a kan tattaka a rumbunku, kwando tara. Ban taɓa ko ɗaya ba. To, na taɓa biyu.

Ina jiran amsa, kowace iri ce.

Naki,
Sreten


Parma, 4 ga Nuwamba

Sreten,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka karanta.

Na buɗe su. Ornella na roƙa ta buɗe min kwalbar farko. Ta ce, "Ke da kike buɗe ɗari a wuni?" Na ce mata wannan mutum ne na sani.

Ta aladun Baba iri na tara ce. Taka ta asibiti iri na biyu ce. Ba su haɗa komai ba sai suna.

Sannan na jera taka da wadda ke kashe 'ya'yan Julka, na bi su gaɓa-gaɓa yadda muke yi in muna neman asalin cuta. Kusan babu bambanci, sai ɗan abin da shekara tara kan canja. Cikin ɗari huɗun da na gwada babu wadda ta yi kusa da su haka. Na maimaita sau biyu, na ba Ornella ta yi ba tare da ta san wace ce wace ba. Amsa ɗaya.

Aikina ya hana ni rantsuwa a kan abin da ban gani ba. Ba zan ce babu wani iri da ya ɓuya a maƙogwaron aladun Baba ba a kama shi ba. Amma abin da aka kama aka ɗora masa laifi a kai, ba shi ya taɓa ka ba. Wadda ta taɓa ka tana zaune a turkenku tun kafin ka faɗi, uwa tana ba 'ya, har ta sami ɗakin yaye mai cunkoso ta tashi.

Na zata zan yi murna. Na fita na zauna a bakin matakala na yi kukan da ban yi a jana'iza ba. Baba ya mutu yana ganin shi ya nakasa yaron da yake kira ɗansa. Shekararsa ta ƙarshe ya ce min a waya, "Radinka, in kin gama karatun nan ki gano min wane alade ne, in san wanda zan tsine wa." Yana dariya ya faɗa. Amsar tana aljihun firiza, taku goma daga inda nake riƙe da wayar. Tsorona ya hana shi ji. Wannan nawa ne, ba na Inna Persa ba, ba na Topolik ba.

Ban san abin da za ka yi da wannan takarda ba. Ban ce ka nuna wa kowa ba. Inna ta tsufa, kuma abin da ta yi don ɗanta ta yi. In ka ƙone ta ba zan ji haushi ba. Amma kada ka sake tambayata 29 ga Nuwamba. Yanzu da na san ba mu da laifi, layin nan ya fi min wuyar bi.

Ka kula da yatsunka.

Radinka


Topolik, 15 ga Nuwamba

Radinka,

Gaisuwa. Ban ƙone ta ba.

Na fara kai ta kabarin Baffa Obrad. Na cire hula na karanta masa da ƙarfi. Ban san yadda muryata take fita yanzu ba, amma matar Gavra da ke share kabarin mijinta ta yar da tsintsiya, don haka ina jin ya ji. Kafin in iso gida rabin Topolik sun sani.

Inna tana tankaɗe na ajiye mata takardar. Ta karanta a hankali da yatsa. Ta ɗauko allo ta rubuta, "Ƙarya." Na nuna mata tabon yatsana. Na ce, "Inna, wa ya yaga gefen zanen teburinsa ya ɗaure min wannan ranar Alhamis?" Ta daɗe tana kallon yatsan. Ta goge allon da hannun riga, ta ajiye alli. Kwana uku ba ta yi min faɗa ba. Tun da aka haife ni ban ga haka ba, har na so in kira mata likita.

Ranar Lahadi bayan coci na tsaya a bakin ƙofa na faɗa wa duk wanda bai ji ba. Gavra ƙarami, ɗan waccan mai tsintsiya, ya ce, "To yanzu naman gidanka za mu dawo maka da shi?" Na ce ya dawo da shi, Julka ma tana cin kulen. Aka yi dariya, wasu kuma suka sunkuyar da kai, waɗanda suka san inda suka ajiye faranti waccan Litinin.

Kin ce tsoronki ya hana shi ji. Ni kuma shiruna ya sa ya sayar da aladunsa. In za a raba laifin nan kowa a layinmu zai sami farantinsa, kada ki cinye shi ke kaɗai.

Ban tambaye ki ranar ba. Kin ga ban tambaya ba. Zan dai ce Laslo ya duba wanda za mu yanka ya ce lafiyarsa lau, na kuma sayi kasko.

Ina kewarki fiye da yadda na iya rubutawa da wannan shebur.

Sreten


Topolik, 30 ga Nuwamba

Zuwa ga Radinka 'yar Obrad,

Ina gaishe ki. Persa ce. Ban iya doguwar takarda ba, kuma ban saba ba da haƙuri ba, don haka ki karanta da kyau, ba zan maimaita ba.

Jiya mun yi yanka. Ɗana ya sa safar hannu kamar ungozoma, ya soya naman kulen a kasko kafin ya ɗanɗana. Maza suka yi ta yi masa tsiya. Ya ce su yi da ƙarfi, ba ya ji. Gishiri ya yi daidai.

Da aka zo rabo, na ɗauko farantina mai shuɗin baki. Na zuba kulen biyu, da soyayyen kitse, da tsoka mai kyau ta gadon baya. Na ce kada kowa ya taɓa, ni zan kai. Na bi layi da rana tsaka kowa yana gani, da sandata, har ƙofar gidanku. Na ƙwanƙwasa sau uku. Na san babu kowa. Ni na fara ajiye muku faranti a ƙasa waccan shekarar, sauran suka bi ni. Mahaifinki ya buɗe ƙofa ya same ni ban gama miƙewa ba, ya ce, "Persa, yaya jikin yaron?" Na juya masa baya na tafi.

Naman ba zai jira ba, na sa Sreten ya rataye shi a hayaƙi da sunanki. Farantin kuma yana kan tagar gidanku ta ciki, Desa ta buɗe min. Kin san al'ada, wanda aka kai wa shi ke mayarwa, kuma ba a mayar da shi wayam. Ba zan aiki kowa ya ɗauko ba. Cikin kayan aurena yake, ina son abina, kuma shekarata saba'in da takwas.

Yaron nan kullum sai ya cire takalmi a ƙofa, ko a ƙofar rumbu. Ban san wa ya koya masa ba, ni dai na gaza.

Allah ya ji ƙan Obrad. Allah ya kawo ki lafiya.

Persa


Parma, 9 ga Disamba

Sreten,

Gaisuwa gare ka da Inna. Ka ce mata ta sami saƙo. Za a mayar mata da farantinta da tuffa a ciki, in ka bar wasu.

Motar fasinja ta birnin Novi Sad tana sauke mutane a mararrabar Topolik ranar Asabar ƙarfe biyu na rana. Kada ka zo da motar aladu. Ka tsaya wajen da haske yake, inda za ka ga bakina sosai. Akwai maganar da na fara faɗa maka ranar da ka juya bango, ban ƙarasa ba, kuma ba zan rubuta ta ba.

Sai na zo.

Radinka